Haziƙan Yaran Gobir A Fannin Lissafi: Wa Zai Gano Su?

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe alli ya san irin yaron nan da yakan ba da amsar lissafi tun ba a gama rubuta tambaya a allo ba, sa'an nan ya zauna yana hamma har a kaɗa ƙararrawa. Akwai irinsa a makarantun Isa da na Sabon Birni kamar yadda yake a ko'ina. Idan aka tilasta masa tafiya daidai da sauran 'yan ajinsu har shekara shida, sau da yawa ƙwazon yakan dusashe, domin wuƙar da ba a wasawa tsatsa take yi.

A wasu ƙasashe jami'o'i ne suka ɗauki nauyin irin waɗannan yara. A ƙasar Rasha, cikin 1963, shaihun malamin lissafi Kolmogorov ya jagoranci buɗe makarantar kwana a ƙarƙashin Jami'ar Mosko, wadda take ɗauko yara daga garuruwa masu nisa. A Amurka kuwa, Jami'ar Minnesota tana da shirin da yara suke zuwa sau ɗaya a mako na awa biyu, su haɗiye lissafin shekara huɗu na sakandare cikin shekara biyu, daga nan su shiga darussan jami'a alhali suna 'yan makaranta.

Mu ma a nan gida ba a zauna haka kawai ba. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Gwamnatin Tarayya ta kafa makarantar haziƙai a Suleja, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawa ta musamman, ta kuma kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja cikin 1988, cibiyar da take shirya gasar lissafi tsakanin 'yan sakandare, ta zaɓi waɗanda za su wakilci Nijeriya a gasar duniya.

To, amma duk waɗannan hanyoyi sai yaro ya taso ya je musu, kuma a nan ne gizo yake saƙa ga mutanen gabashin Sakkwato. A watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na kan iyaka, har da sakandaren gwamnati ta Isa da ta Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a yankin na wani lokaci saboda 'yan bindiga. A watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya. Uban da ya ga haka ba zai saki ɗansa ɗan shekara 13 ya riƙa zirga-zirga zuwa Sakkwato kowane mako don darasi ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Saboda haka, a ganin wannan wakili, dabarar da ta fi dacewa da ƙasar Gobir ita ce wadda wani shaihun malami, Gelfand, ya fara a Jami'ar Mosko cikin 1964, wato makaranta ta hanyar wasiƙa. Yaro yana gidansu za a aiko masa da ɗan littafi da tambayoyi. Ya zauna ya yi tunani, ya rubuta amsa dalla-dalla, ya mayar. Ɗaliban jami'a su duba, su rubuta masa inda hujjarsa ta karkace, ba maki kawai ba, sa'an nan a aiko da kashi na gaba. Ba a bukatar ɗakin kwana, ko katanga, ko mai gadi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen lissafi, haka ma Jami'ar Jihar Sakkwato, kuma ɗalibansu na ajin ƙarshe za su iya wannan duba, su ma su ƙaru. Takardu kuwa sa iya bin hannun hedimastoci, ko a ɗauki hotonsu da waya inda layi yake aiki.

Saura batun zaɓe, wanda ya fi wuya, domin jarrabawar aji ba ta bambanta mai ƙoƙari da gagarau, dukansu maki ɗari suke ci. Furofesa Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins ya warware wannan tun farkon shekarun 1970, inda ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 da 13 jarrabawar shiga jami'a. A wajenmu, daidai da wannan shi ne a miƙa wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare tsohuwar takardar lissafi ta 'yan aji shida, a ba shi awa biyu, a ga inda zai tsaya.