Ma'aunin Iskar Taya da Zafin Hanyar Filinge

Daga ƙarshen sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da ake haƙar dankalin turawa a fadamun Imanan, motoci na tashi daga Bonkuku maƙare da buhuna, su bi ta Baleyara su nufi Yamai. Hanyar ce dai ake kira RN25, wadda ta haɗa Filinge da babban birni a tafiyar kilomita kusan 180. Duk wannan nauyi, da na fasinjan Hiace da na dabbobin da ake kai kasuwa, ba ƙarfe ke ɗauke da shi ba, ba kuma roba ba. Iskar da ke cikin taya ce ke ɗauke da shi. Amma a tasha, yawanci da ido ake auna wannan iska, ko yaron mota ya doki taya da ƙarfe ya saurari ƙararta ya ce ta yi. Ra'ayina shi ne wannan awo ya daina aiki tun da daɗewa, kuma ɗan ƙaramin ma'aunin iska, wanda masu faci ke kira geji, ya kamata ya zama kayan aikin kowane direba kamar yadda jak yake.

Dalili na farko yana cikin ginin tayar kanta. Tun da kamfanin Michelin na Faransa ya fito da taya mai ginin radiyal a 1946, wadda yau ita ce a ƙarƙashin kusan kowace ƙaramar mota, gefen taya ya zama mai laushi, yana ɗan buɗewa ƙasa ko da iskar ta cika. Irin wannan taya tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ba tare da ido ya ga bambanci ba. Dukan ƙarfe kuwa yana gaya maka tayar da ta sace gaba ɗaya ne kawai; ba ya raba iskar kilo 2 da ta kilo 2 da rabi. Kuma ko ba ƙusa, iska tana sulalewa ta jikin roba a hankali, wata bayan wata.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar rage iska idan zafi ya kama. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana wuce digiri 40 a ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa, sai direba ya ce wa mai faci ya rage masa kada taya ta fashe. Tsoron yana da tushe: iska a rufe tana ƙara ƙarfi idan ta ɗauki zafi, kimanin kilo 0.1 a kowane digiri 10, don haka tayar da ta yi gudun awa ɗaya za ta nuna ƙarin kilo 0.2 ko 0.3. Sai dai masu ƙera mota sun riga sun sa wannan ƙari a lissafi lokacin da suka rubuta adadin da ke manne a bakin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Lafiyayyiyar taya ba ta fashewa don wannan ɗan ƙari. Mai fashewa ita ce mai ƙarancin iska, domin gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar ƙarfe da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta yi zafi ta karye. Zafin da ke taruwa a ciki yana raba roba da zaren ƙarfen da ke riƙe da ita, sai bayan tayar ya ɓare ana cikin gudu. Wanda ya rage iska don gudun zafi, shi da kansa ya hura wa tayarsa wuta. Shi ya sa ake awo da sassafe, kafin mota ta motsa, kuma ba a sace iskar taya mai zafi.

Duniya ta koyi wannan da asarar rayuka. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan sun riƙa ɓarewa a ƙarƙashin motocin Ford Explorer, galibi a jihohi masu zafi, kuma ƙarancin iska na cikin abubuwan da aka yi ta gardama a kai. A shekarar majalisar ƙasar ta yi doka, daga Satumban 2007 kuma kowace sabuwar ƙaramar mota sai da na'urar da ke kunna fitila gaban direba idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamban 2014.

Wani zai ce to ai motocin hannu da ke shigo mana daga can sun zo da na'urar, me za a yi da geji? Na'urar iri biyu ce. Ɗaya tana zaune cikin taya a gindin bawul, da ɗan batirin da ke mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10, wato sau da yawa kafin motar ta iso Nijar. Sau da yawa kuma ƙarfen cire taya yana karya ta a wurin faci. Ɗayar tana ƙirga juyin ƙafafu ne, ta gane wadda ta ƙanƙance, kuma sai an sake saita ta duk lokacin da aka canza taya. Ko tana aiki, ba ta magana sai iska ta ragu sosai, alhali mota mai lodi ta shiga haɗari tun kafin nan. Tsofaffin motocin kasuwa, da babura 'yan kabu-kabu, da amalanken da ke tafiya kan tayar mota, ba su da ita sam.

Wata hujjar masu rage iska, wato ta yashi, ta fi ƙarfi. Wanda ya sauka daga kwalta ya shiga rairayin Dallol Boso ya san taya mai tauri tana nutsewa, rage iska kuma yana faɗaɗa tafinta ta hau kan yashi. Wannan gaskiya ne, kuma dabara ce mai kyau muddin ana tafiya a hankali. Matsalar tana farawa ne inda yashi ya ƙare, direba ya hau kwalta ya taka mai da iskar yashi. A nan ne ma geji da famfo suka fi amfani: ka san nawa ka rage, ka san nawa za ka mayar.

Saura ƙorafin cewa gejin masu faci ba ya faɗin gaskiya, kuma da yawansu haka ne. Allurar da ta sha faɗuwa da ƙura tana kaucewa, wasu ma'aunan kuma suna ɗauke da lambobi iri biyu, kilo da ake amfani da shi a Nijar da kuma psi na Najeriya da Amurka, inda kilo 1 ya yi daidai da psi 14 da ɗoriya. Wasu mutanen kuma suna bin babbar lambar da ke jikin taya, wadda iyaka ce, ba adadin da motar ke buƙata ba. Maganin wannan shi ne direba ya riƙe nasa a akwatin gaban mota, ya riƙa gwada shi da na wani. Ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Filinge da Baleyara za su iya ajiye ingantacce guda ɗaya da kowa zai daidaita nasa da shi, hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER kuma ta sa awon iska cikin abin da take koya wa masu tuƙi. Awon ya haɗa da safaya, da tayoyin ciki na manyan motoci masu ƙafa bibbiyu a baya, domin idan ta ciki ta sace, ta waje ce ke ɗaukar nauyin biyu ba tare da kowa ya lura ba.