Awon Tsayi a Jirage Marasa Inji: Tsakanin Matsin Iska da Tauraron Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

Jirgi maras inji, wanda ake kira gilaida, ba ya hawa sama sai da taimakon iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi ko daga jikin duwatsu. Saboda haka ne ake auna gwanintar matuƙinsa da tsayin da ya iya ƙarawa bayan an sake shi. Ƙungiyar wasannin jiragen sama ta duniya, wato FAI, wadda aka kafa a 1905, ta tanadi lambobin yabo domin wannan: lambar Azurfa tana bukatar ƙarin tsayi na mita 1,000, ta Zinariya mita 3,000, ta Lu'ulu'u kuwa mita 5,000. Na'urar da ke adana bayanan tafiya tana rubuta tsayi iri biyu, ɗaya daga matsin iska, ɗaya daga taurarin GPS, kuma da wuya su zo daidai. Wannan maƙala za ta fayyace dalilin saɓanin, da kuma wanda hukuma take karɓa.

2.0 Awon Matsin Iska

Duk sa'ad da aka ƙara hawa sama, matsin iska raguwa yake yi. Na'urar tana auna matsin ne, sannan ta mayar da shi mita bisa wani mizani da aka amince da shi a duniya, wanda ya ƙaddara cewa a gaɓar teku matsin miliba 1013.25 ne, zafi digiri 15, kuma zafin yana raguwa da digiri 6.5 a kowace kilomita. Matsalar ita ce, ba kullum sararin samaniya yake bin wannan mizani ba. Iska mai zafi buɗewa take yi, mai sanyi kuma ta takure, don haka bambancin digiri 10 yakan haifar da kuskuren da ya kusa kashi 4 cikin 100. Alal misali, matuƙin da ya hau mita 1,030 na haƙiƙa a ranar da zafi ya ɗara mizanin da digiri 10, na'urarsa za ta nuna kimanin mita 995, ya rasa lambar Azurfa ke nan. A rana mai sanyi kuwa sai lamarin ya juya, na'urar ta yi masa gyara. Bugu da ƙari, idan matsin wuri ya sauya da miliba ɗaya a tsakiyar tafiya, awon zai goce da kimanin mita 8.

3.0 Awon Tauraron Ɗan Adam

Shi wannan awo ba ruwansa da zafi ko sanyi, domin nisa ake lissafawa daga lokacin da saƙon taurari ya ɗauka kafin ya iso. Sai dai kuma yana da nasa raunin. Taurarin da na'ura take gani duk a samanta suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashinta, shi ya sa kuskuren tsayi yakan fi kuskuren wuri girma. Haka kuma idan jirgi ya karkata yana kewaye, fiffike ko gangar jikinsa kan iya tare eriya, adadin ya yi tsalle na ɗan lokaci. Tun da ƙarin tsayi ana samun sa ne ta cire adadi mafi ƙasa daga mafi sama, tsalle guda ya isa ya ɓata lissafi. Kafin watan Mayu na 2000 ma, gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula suke samu.

4.0 Matsayin Hukuma

Hukumar IGC, wadda ke kula da wannan fanni a ƙarƙashin FAI, ta riƙe matsin iska a matsayin awo na asali. Dalili kuwa shi ne, layinsa ba ya tsalle, ana iya gwada na'urarsa a ɗakin gwaji, kuma da shi aka auna bajintar magabata tun zamanin barogiraf mai zane a kan takarda. An yarda da awon GPS a lambobin Azurfa da Zinariya, amma da sharaɗin a ƙara mita 100 a kan abin da ake bukata. A sama da mita 15,000 kuwa, inda iska ta yi ƙaranci har ƙaramin kuskuren matsi yake zama mitoci masu yawa, awon GPS aka fifita. Jirgin Perlan 2 ya nuna girman tazarar a Ajantina ranar 2 ga Satumba, 2018: matsin iska ya nuna kimanin mita 23,200, amma mita 22,657 na GPS aka rubuta a kundin bajinta.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa na'urorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ɗaya tana faɗin matsayin jirgi a cikin iskar wannan rana, ɗaya kuma nisansa a sarari. Saɓaninsu ba lallai ya zama alamar lalacewa ba, kuma ya kamata matuƙin da ke neman lamba ya san awon da za a yi masa hukunci da shi tun kafin ya tashi, ya kuma bar wa kansa rara.