'Yar Kwalbar da Ake Gudu a Ranar Awo

Tun kafin rana ta ɗaga, bencunan da ke gindin darbejiya sun cika. Ranar awo ce a wannan ƙaramin asibitin karkara. Mata sun taho daga ƙauyukan kewaye, wasu a ƙafa, wasu a bayan acaɓa, kowacce da katinta naɗe cikin leda. A hau sikeli, a auna jini, a taɓa ciki a saurari bugun zuciyar ɗa, duk babu mai gardama. Jan ƙafa yana farawa ne idan aka miƙo wata 'yar kwalbar roba aka ce a kawo fitsari. Wata kunya ke hana ta, wata kuɗin gwajin, wata kuwa cewa take lafiyarta ƙalau, me za a gani?

Ungozomar asibitin, wadda kowa ke kira Malama, ta saba da wannan. "'Yata, kawo dai," haka takan ce wa masu cikin fari, "ba duk ciwo ke sallama ba." Kuma gaskiyarta. Ciki yakan sassauta hanyoyin fitsari, mahaifa ta danne su, fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa. Wadda aka fi samu ita ce E. coli, mai zama a hanji. Sau da yawa babu zafi, babu zazzaɓi, har cutar ta haura ƙoda. Wasu ƙwayoyin kuma ta gaba suke hawa, su wuce bakin mahaifa su kai ga jakar ruwan da ɗa ke kwance a ciki. Jiki ya tashi yaƙi da su, wurin ya kumbura, kumburin ya saki irin sinadaran da ke tayar da naƙuda. Sai faya ta fashe a wata na bakwai.

A ɗakin da ke bayan na haihuwa ake ganin ƙarshen labarin. Nan ake ɗaura wa uwa bakwaininta a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe su da zani, domin babu kwalbar reno, wutar ma sai ta ga dama. Duk jaririn da ya zo kafin sati 37 ya zo da wuri, huhunsa bai gama ƙwari ba, tsotso ma wahala yake ba shi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna jarirai kimanin miliyan 13.4 aka haifa haka a 2020, Nijeriya ce ta uku a yawa bayan Indiya da Pakistan. Ba duka irin waɗannan ƙwayoyin cuta ne suka jawo ba: akwai hawan jini, akwai tagwaye, akwai zazzaɓin cizon sauro. Amma kason ƙwayoyin cuta ya fi ci mini rai, saboda da yawansu ana iya kama su da wuri.

Kalmar "sanyi" ma tana ɓata wa Malama aiki. Ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa mai ƙarni sanyi, zafin fitsari sanyi, alhali cututtuka ne daban-daban, kowacce da maganinta. Mace sai ta aika yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya, tetirasaikilin ke nan, wanda bai dace da mai ciki ba don yana taɓa haƙori da ƙashin ɗa. Wadda aka rubuta wa maganin cutar fitsari na kwana bakwai, kamar yadda hukumar ta ba da shawara a 2016, sai ta sha na kwana biyu ta ajiye wa gaba.

Mafi wuya shi ne idan gwajin jini ya nuna tunjere. Allurar fenisilin tana kashe shi, tana kuma ceton ɗan da ke ciki, amma sai an yi wa maigida, an duba abokiyar zama, in ba haka ba cutar ta dawo. Malama takan rubuta 'yar takarda ta ce a kai masa. Kaɗan ne ke zuwa.

Maigida, ranar da iyalinka za su awo, ka haɗa musu da kuɗin gwajin fitsari da na jini. In sun dawo ka tambayi sakamako, in kuma Malama ta aiko kiranka, ka je.