Tauraron da ke ɓoye zafinsa idan ya fi haske

Tun 1896 da Louisa Wells ta gano shi a cibiyar nazarin taurari ta Harvard a Amurka, tauraron SS Cygni bai daina tashin bori ba. Yakan yi shiru kimanin mako bakwai, sai kwatsam haskensa ya ninka wajen sau 40 cikin kwana ɗaya ko biyu, ya jima a haka, sannan ya koma yadda yake.

A gaskiya taurari biyu ne ke zagaya juna cikin sa'o'i 6 da rabi. Ɗaya farin wada ne, gawar tauraron da makamashinsa ya ƙare. Girmansa bai wuce na duniyarmu ba, nauyinsa kuwa ya kusa na rana. Ɗayan ƙaramin tauraro ne ja, wanda wadan ke zuƙe wa iskar jikinsa. Iskar ba ta faɗa wa wadan kai tsaye, sai ta yi faifai tana juyawa kewaye da shi. Tana taruwa a faifan kamar ruwa a bayan madatsa, har ta yi zafin da zai sa ta ɓalle ta kwarara ciki gaba ɗaya. Wannan ɓallewar ce masu kallo ke gani a matsayin ƙarin haske.

Abin da ido ba ya gani ya fi ban mamaki. A inda bakin faifan ke gogar jikin wadan, iskar da ke gudun dubban kilomita a daƙiƙa tana cin birki, zafinta ya haura digiri miliyan 100, ta fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Sararin da ya lulluɓe duniyarmu yana tare wannan haske, don haka sai da tauraron ɗan'adam ake ganinsa.

Kowa zai zaci idan kwarara ta ƙaru, eksire ma zai ƙaru. A Oktoba 1996 aka ga akasin haka dalla-dalla. 'Yan sa-kai na ƙungiyar AAVSO, masu ƙananan madubin hangen nesa a bayan gidajensu, suka hango tauraron ya fara tashi, shugabarsu Janet Mattei ta sanar, aka juya taurarin ɗan'adam biyu, RXTE da EUVE, suka fuskance shi. Kusan kwana guda bayan hasken ido ya tashi, eksire mai ƙarfi ya biyo baya, alamar kwararar ta ratso faifan daga waje ta iso ciki. Bai daɗe ba sai ya faɗi warwas, a daidai lokacin da wani haske, na gaba da shuɗi, ya cika wurin. Iskar ce ta yi kauri har ta toshe hanyar eksiren, ta haɗiye shi ta sake fitar da shi a zafin da bai kai na farko ba ko kusa. Da kwararar ta ja baya, eksiren ya dawo.

Ba duk wadanni ke haka ba. A wasu taurari biyu da ake kira AM Herculis, maganaɗisun wadan ya yi ƙarfin da faifai ba ya samuwa sam, iskar na bin layinsa ta sauka a wuri ɗaya, eksiren na hawa da sauka yayin da taurarin ke juyawa duk sa'o'i 3.

SS Cygni ya taɓa jefa masana cikin tsaka mai wuya. Awon da na'urar Hubble ta yi ya ajiye shi nesa da tafiyar haske ta shekara 500, kuma in haka ne, haskensa ya yi yawan da bayanin ɓallewar faifai ba zai ɗauka ba. A 2013 James Miller-Jones da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon sabon awon da suka yi da na'urorin rediyo, 'yan sa-kan nan ne kuma ke kiransu duk lokacin da ya tashi. Suka sami kimanin shekara 370, lissafin faifan ya zauna daidai.