Ta Ina Manyan Kociyoyin Ƙwallon Jami'o'in Amurka Suka Faro?

Yau Amurka za mu leƙa, fagen ƙwallon jami'o'i. Ƙwallon Amurka nake nufi fa, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. A can, kocin babbar jami'a yakan karɓi miliyoyin daloli a shekara. To ta ina irin waɗannan mutane suke farowa?

Mu fara da Nick Saban. Ya yi wasa a jami'ar Kent State, kuma a nan ya fara aiki a 1973 a matsayin ɗalibi mai taimaka wa koci Don James. Wannan shi ne matakin ƙasa: nazarin bidiyon wasanni, hidimar atisaye, ga kuɗi kaɗan. Ya yi ta yawo daga wannan jami'a zuwa waccan, sai a 1990 ya zama babban koci a Toledo. Daga 1991 zuwa 1994 ya kula da masu tsaron baya na Cleveland Browns ƙarƙashin Bill Belichick. Kafin ya yi ritaya a Janairun 2024, ya ci kofin ƙasa sau 7: ɗaya a LSU, shida a Alabama.

Shi kuma Kirby Smart almajirin Saban ne. Ya jagoranci masu tsaron bayan Alabama daga 2008 zuwa 2015, sannan ya koma Georgia, jami'ar da ya yi wa wasa, ya ci kofi a kakar 2021 da ta 2022. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Labarin Dabo Swinney daban ne. Ya shiga ƙungiyar Alabama ba tare da tallafin karatu ba. A 2001 ya bar aikin koci, ya shiga harkar filaye da gine-ginen kasuwanci wajen shekara biyu. Clemson ta ɗauke shi mataimaki a 2003, ya zama kocin riƙo a 2008, daga baya ya ciyo mata kofi a 2016 da 2018.

Sai marigayi Mike Leach, wanda bai taɓa buga wannan ƙwallo a jami'a ba. Lauya ya karanta a Pepperdine. Amma shi da Hal Mumme suka gina salon kai hari da yawan jifan ƙwallo da ake kira Air Raid, wanda ya bazu ko'ina.

Kun lura da abin da ya haɗa su? Babu wanda ya buga wasa a gasar ƙwararru ta NFL a cikinsu. Dukkansu sun yi shekaru suna mataimaka, saboda aikin babban koci ya haɗa da zawarcin yara daga sakandare, zaɓen mataimaka da tafiyar da ma'aikata masu yawa, kuma a ƙarƙashin wani ake koyon waɗannan.

A nan za mu dasa aya. Cikin mutanen nan huɗu, hanyar wa ta fi burge ku? Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana lafiya.