Yadda likita da mai taɓin hankali za su fahimci juna

Mai larurar da likitoci ke kira saikosis yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya haƙiƙance cewa ana ƙulla masa makirci. Idan ya zo asibiti, abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ke nan, amma likita yakan karkata ga maganar magani.

Wani bincike da Rose McCabe ta jagoranta a Landan, wanda aka wallafa a 2002, ya naɗi irin wannan ganawa a bidiyo. An ga cewa idan majinyaci ya tambayi dalilin abin da yake ji, likita kan yi jim, ya mayar masa da wata tambaya, ko ya yi murmushi ya kauce.

Don cike wannan giɓi, Stefan Priebe da abokan aikinsa na Jami'ar Queen Mary suka fito da tsarin DIALOG+. Ana amfani da kwamfutar hannu, majinyaci yana ba da maki daga 1 zuwa 7 kan fannoni 11, ciki har da muhalli, aiki, abokai, iyali da magani. Sannan ya zaɓi wanda za a tattauna. Shi da ma'aikacin lafiya su fahimci matsalar, su hango mafita, su duba hanyoyi, su tsayar da abin da kowa zai yi kafin zama na gaba.

Wani gwajin tsarin da aka wallafa a 2015 ya nuna majinyatan sun ƙara gamsuwa da rayuwarsu.