Allon Kwamfuta Biyu A Teburi Guda

A watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta kunno kai, Gwamnatin Tarayya ta umurci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa da su riƙa aiki daga gida. A nan ne da dama suka gane cewa allon kwamfutar tafi-da-gidanka ya yi wa mai harhaɗa alƙaluma kaɗan, balle ɗalibi mai rubuta kundi.

Maganin abin shi ne allo na biyu, wanda ake jonawa da wayar HDMI. Takardar da ake dubawa tana gefe guda, wadda ake rubutawa tana ɗaya gefen.

Amma wajen girkawa ne gizo ke saƙa. Allon da aka fi amfani da shi ya fuskanci mutum sosai, nisan miƙa hannu, bakinsa na sama daidai da ido. Na biyun ya matso kusa da shi a ɗan karkace. Wanda ya saɓa wannan zai wuni da wuya a murɗe, kafin La'asar kafaɗa ta ɗau ciwo. Kada kuma a juya wa taga baya, don ƙyalli yana gajiyar da ido.

Sai batun wuta. Kwamfutar tana da batir, allon teburi ba shi da shi. Da an ɗauke lantarki sai ya mutu, in ba da inbata ba.